Gwajin fitsari na kama masu maguɗin jini: inda yake da ƙarfi da inda yake yoyo

Hukumar wasanni ko mai shirya gasar gudu da ya ware kuɗi don a binciki 'yan wasa, abu uku yake saya a haɗe: jami'in da zai tsaya a kan ɗan wasa ya karɓi fitsari, kwalaben da za a kulle fitsarin a ciki, da aikin ɗakin gwaje-gwajen da WADA, hukumar duniya mai yaƙi da amfani da haramtattun magunguna a wasanni, ta amince da shi. Irin waɗannan ɗakuna kusan talatin ne a duk duniya, kuma babu ko ɗaya a Afirka ta Yamma. Sharhin nan ya tsaya a kan reshe ɗaya na hidimar, wato neman maguɗin jini ta hanyar fitsari. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, idan gwajin ya kama mutum da EPO, sinadarin da ke ƙara jini, hujja ce mai nauyi da wuya lauya ya rushe ta. Idan kuwa bai kama ba, takardar sakamakon ba ta wanke kowa ba, domin abin da ya fi ƙarfin fitsari a wannan harka yana da yawa.

Maguɗin jini na nufin ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don tsoka ta samu iskar oksijin fiye da yadda jiki zai iya ba ta da kansa. Ana yin sa da allurar EPO, ko da ƙarin jini, ko da magungunan da ke sa ƙoda ta ɗauka iska ta yi ƙaranci. EPO sinadari ne da ƙodar kowane mutum ke fitarwa, shi ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi. A 1989 aka amince da na masana'anta a Amurka don masu ciwon ƙoda da jininsu ke ƙarewa, a 1990 kwamitin Olamfik ya haramta shi ga 'yan wasa, amma aka shekara goma babu hanyar gano shi. A 1997 hukumar tseren keke ta duniya ta yi dabarar dakatar da duk namijin da kason jajayen ƙwayoyinsa ya haura 50 cikin 100, da sunan kare lafiyarsa. Hakan bai hana komai ba, ya dai nuna wa masu maguɗi iyakar da za su tsaya. Sai da jami'an kwastan na Faransa suka tare motar ƙungiyar tseren keke ta Festina cike da allurai ana dab da fara babban tseren keke na Tour de France na 1998, sannan aka kafa WADA a 1999. A shekarar 2000 Françoise Lasne da Jacques de Ceaurriz na ɗakin gwaji na Châtenay-Malabry da ke gefen Paris suka fitar da hanyar bambance EPO na allura da na jiki a fitsari, aka fara aiki da ita a Olamfik na Sidni. Hidimar da ake sayarwa yau jikar wannan hanya ce.

Matakin ɗaukar fitsari ya fi kowanne tsari a takarda, kuma a nan aka fi yin ɓarna a aikace. Daga lokacin da aka sanar da ɗan wasa, mai rakiya ba ya ɗauke ido daga kansa har ya shiga ɗakin ɗaukar samfur. Zai zaɓi mazubi ɗaya da kansa daga cikin waɗanda ke rufe a leda, ya wanke hannu da ruwa zalla ba sabulu, ko ya sa safar hannu. Jami'i mai jinsi ɗaya da shi zai bi shi banɗaki, a ɗage riga zuwa tsakiyar ƙirji, a naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, a sauke wando, don a ga fitsarin yana fita daga jiki. Ga wanda ya tashi cikin tarbiyyar kunya wannan abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma koci nagari yana gaya wa yaransa tun kafin ranar, musamman mata, saboda ƙin ba da samfur na iya jawo dakatarwar shekara 4 daidai da wanda aka kama. Ba don wulaƙanci aka sa dokar ba. An taɓa kama masu shigowa da fitsarin wani a ɓoye cikin jiki, an kuma san masu shafa garin da ke narkar da furotin a yatsa don EPO ya lalace cikin mazubi.

Mafi ƙarancin abin da ake karɓa mililita 90 ne. Ɗan wasa da hannunsa yake zuba aƙalla 30 a kwalbar B da ake ajiyewa don tabbatarwa, aƙalla 60 a kwalbar A da ake fara gwadawa, ya murɗa murafen har su daina motsi. Ɗan abin da ya rage a mazubi shi ake ɗigawa a na'urar auna kaurin fitsari. Dole awon ya kai 1.005, ko 1.003 idan fitsarin ya kai mililita 150. In bai kai ba, a zauna a jira wani. A nan ne rashin ƙwarewa ke fitowa fili. Mai gudun yada ƙanin wani da ya gama kilomita 42 cikin rana jikinsa ya bushe, fitsari ba ya zuwa, sai a yi ta ɗura masa ruwa don a tashi da wuri. Bayan awa biyu fitsarin ya zo kamar ruwan randa. EPO da ma ɗan mitsitsi ne a fitsari, a tsinkakken fitsari kuwa ɗakin gwaji kan rasa ko na jikin mutum, sai ya rubuta cewa ba a ga komai ba. An biya cikakken kuɗi, an sayi takardar da ba ta ce komai ba. Ƙwararren jami'i yana barin ɗan wasa ya sha kaɗan-kaɗan daga kwalba mai hatimi, ya kulle ɗan abin da aka samu a mazubin wucin gadi mai lamba, ya haƙura ko da dare zai yi.

Wani aibin da ba ya bayyana a rasit shi ne gaya wa ɗan wasa za a zo. A shari'ar Asbel Kiprop na Kenya, wanda aka samu EPO a samfurinsa na watan Nuwamba 2017 aka kuma dakatar da shi shekara 4, sashen kula da ɗa'a na hukumar guje-guje ta duniya ya amsa cewa an sanar da shi zuwan jami'ai tun kafin su iso, abin da doka ta hana. Shi dai an kama shi duk da haka. Amma sanarwar kwana guda ta isa ta mayar da gwajin EPO aikin banza a mafi yawan lokuta, kuma wannan ba laifin injin ɗakin gwaji ba ne.

Kwalbar da ta fi shahara ita ce BEREG-KIT ta kamfanin Berlinger na Siwizalan. Gilashi ce mai kauri, A da jan tambari, B da shuɗi, lamba ɗaya mai alƙaluma 7 a jikin kwalba da murfi da kwali, babu sunan kowa. Cikin murfin akwai zobe mai haƙora da ke barin a murɗa gaba amma ba ya komawa baya, don haka a ɗakin gwaji sai an fasa murfin da na'ura ta musamman. Wajen sauƙin aiki ba mu da ƙorafi a kanta: ɗan wasa na jin ƙarar haƙoran yana kuma iya juya kwalbar ƙasa ya tabbatar ba ta yoyo. An daɗe ana cewa ba ta buɗuwa, har Olamfik na hunturu na Sochi a 2014 ya ƙaryata hakan. Grigory Rodchenkov, shugaban ɗakin gwaji na Mosko, ya bayyana a 2016 yadda ake zura kwalabe ta wani rami a bango cikin dare, jami'an leƙen asirin Rasha su buɗe murfin ba tare da fasa shi ba, a zubar da fitsarin a sa mai tsabta da aka tara watanni kafin gasar, a ƙara gishiri ko ruwa don kaurin ya dace da abin da aka rubuta a fom. Binciken Richard McLaren, lauyan da WADA ta ɗora wa aikin, ya samu ƙarce-ƙarce a cikin murafen, da gishirin da ƙodar ɗan Adam ba za ta iya fitarwa ba, har da ƙwayar halittar namiji a samfurin mata biyu 'yan wasan hoki. Kamfanin ya fito da sabon samfuri mai suna Geneva, sai ga ɗakin gwaji na Kolon a Jamus ya gano a watan Janairu 2018 cewa wasu kwalaben na iya buɗuwa da hannu bayan sun daskare, aka koma tsohon samfuri a Olamfik na hunturu na Pyeongchang. Yau akwai masu gogayya da ita irin su LockCon. Kowacce aka zaɓa, abin dubawa shi ne takardar da ke bin kwalbar daga hannu zuwa hannu, wa ya karɓa, ƙarfe nawa, a ina ta kwana. Giɓin awa shida a wannan takarda ya fi tsagewar murfi amfani ga lauyan ɗan wasa.

Sai tafiya. EPO furotin ne, zafi da ƙwayoyin bakteriya suna cin sa. Fitsarin da za a nemi ƙwayoyin gina tsoka a ciki yana jure wahalar hanya fiye da wanda za a nemi EPO. Samfurin da aka ɗauka a Legas ko Yamai ko Akara dole ya hau jirgi zuwa wuri mai nisa kamar Turai ko Doha, ya ratsa kwastan, kuma idan ya kwana uku a sito mai zafi, ɗayan biyu ne: ko EPO ya narke a rasa komai, ko siffarsa ta jirkice ta rikita mai karatu. Ɗakin gwaji na Bloemfontein a Afirka ta Kudu, wanda ya daɗe yana ɗaukar nauyin nahiyar, WADA ta dakatar da shi a 2016, ta sake dakatar da shi a 2024. Saboda haka akwatin sanyi, da na'urar da ke rubuta zafin akwatin a duk tsawon tafiya, da ɗaukar samfur a farkon mako don kada ya maƙale a hutun ƙarshen mako, duk suna cikin ingancin hidimar. Kamfanin ɗaukar samfur da bai saka su a farashinsa ba, arahar tasa ba ta ado.

Aikin ɗakin gwajin kansa shi ne ya fi burge mu, shi ne kuma mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. Ba inji ba ne da ake ɗiga fitsari ya haska ja ko kore. EPO na allura da na jiki jerin amino asid ɗinsu ɗaya ne, guda 165. Bambancin yana cikin rassan sukari da ke manne a jikin furotin, waɗanda suka kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Na masana'anta ana noma shi ne a ƙwayoyin halittar wani nau'in ɓera da ake kira hamsta, su kuma ba sa jera sukarin yadda ƙodar mutum ke jerawa. Wannan ɗan bambanci yana canza cajin lantarkin furotin da nauyinsa, kuma a kansa gwajin gaba ɗaya ya dogara.

Ana ɗibar fitsari kamar mililita 15 zuwa 20, a tace, a bi da shi ta wani mataci mai ɗauke da sinadarin garkuwar jiki da ba ya kama komai sai EPO, a wanke sauran furotin, a tattara abin da ya rage ya koma ɗigo kaɗan. A hanyar Lasne, ana sa ɗigon a farantin jel mai tsami daga awo 2 zuwa 6, a sakar masa lantarki. Kowace siffa ta EPO tana tafiya har ta isa inda cajinta ya daidaita ta tsaya. Ana kwafe su zuwa wata takarda ta musamman, a sake kwafewa karo na biyu don rage datti, a zuba sinadarin da ke sa su haske, kyamara ta ɗauka. Abin da ke fitowa layuka ne jere kamar matakan tsani. Na jikin mutum sun fi taruwa a ɓangaren da ya fi tsami, na allura suna taruwa a ɗaya gefen. Daga baya Christian Reichel na ɗakin gwaji na Seibersdorf a Ostiriya ya gyara wata hanya mai raba su ta nauyi, wadda ake kira SAR-PAGE. A nan EPO na allura yana fitowa a matsayin faffaɗan layi da ya ɗan ɗara na jiki tsawo, ko wani dishi-dishi a samansa idan sun gauraya. Yau wannan ce aka fi dogara da ita. Aikin yana cin kwana biyu zuwa uku, yana bukatar hannu mai natsuwa, shi ya sa ake cajinsa daban.

Mai saye ya lura da wannan da kyau: EPO ba ya cikin jerin abubuwan da ake nema a kowane samfur kai tsaye. Sai an rubuta an nema. Ƙa'idar WADA ta sa mafi ƙarancin kason samfuran da za a yi wa wannan bincike gwargwadon wasa, kashi 60 cikin 100 a gudun dogon zango da tseren keke na kan titi, kashi 10 a ƙwallon ƙafa. Gasar gudun dogon zango da ta yi shelar cewa an gwada duk waɗanda suka yi nasara, ba tare da ta biya kuɗin EPO ba, ta gwada su ne a kan komai ban da abin da aka fi zargi.

Inda gwajin ya yi rawar gani, ya yi sosai. A Olamfik na hunturu na Salt Lake City a 2002, masu maguɗi sun koma ga darbepoetin, sabon nau'in EPO da bai shekara da shiga kasuwa ba, suna ganin babu wanda ya san shi. Ashe ƙarin rassan sukarin da aka yi masa don ya daɗe a jiki sun sa layukansa suna fitowa can ƙarshen farantin su kaɗai, ya fi tsohon EPO sauƙin gani. Johann Mühlegg mai wakiltar Sifaniya da 'yan Rasha biyu, Larisa Lazutina da Olga Danilova, suka faɗa. A 2008 aka maimaita da CERA, wani sabon nau'in EPO, aka kama Riccardo Riccò ana tsakiyar Tour de France. Sai dai CERA ya tona wani rauni: ƙwayarsa babba ce, ƙoda ba ta cika barin ta ta wuce cikin fitsari ba. Sauran da aka kama da CERA a wannan gasa, Stefan Schumacher da Bernhard Kohl da Leonardo Piepoli, sai da aka koma kan jininsu bayan an gama tseren. Tun daga nan duk ɗakin gwaji mai hankali yake ba da shawarar a haɗa fitsari da kwalbar jini.

Amma gwajin da ake karantawa da ido yana da ranar kuskure, kuma kuskurensa kan faɗa kan mutum mai suna da iyali. A 2003 kwalbar A ta ɗan gudu Bernard Lagat ta nuna EPO, ya rasa gasar duniya ta Paris, kwalbar B ta fito babu komai. Rutger Beke na Beljiyam an dakatar da shi a kan samfurin 2004, aka wanke shi a 2005 bayan masana sun nuna cewa motsa jiki mai tsanani yana sa ƙodarsa zubo furotin da ke rikita layukan. Waɗannan darussa ne suka sa aka ƙara matakin tacewa da garkuwar jiki, aka kuma wajabta cewa kafin a fitar da sakamakon kamu sai ƙwararre daga wani ɗakin gwaji ya duba hoton ya yarda. An kuma gano cewa wasu mutane ƙalilan 'yan asalin gabashin Asiya suna da wani canji na gado a ƙwayar halittar EPO da ke sa nasu na jiki ya yi kama da na allura, aka saka matakin bincikar hakan a ƙa'ida. Duk da gyare-gyaren, a watan Janairu 2023 aka dakatar da Peter Bol, ɗan Ostireliya haifaffen Khartum wanda ya zo na huɗu a mita 800 a Olamfik na Tokyo. Kwalbar B ba ta tabbatar da A ba, aka ɗage dakatarwar a Fabrairu, aka rufe maganar a Agusta. Wata bakwai yana yawo da tabon da ba nasa ba. Matsalar tana wurin da layin ya yi rauni: ɗan dishi-dishin da ke saman layin jiki, alamar allura ce, ko kuwa an cika farantin da samfur ya malala? A nan ƙwarewar mai karatu ce ke yanke hukunci. Shawararmu ga ɗan wasan da abin ya faɗo wa ita ce kada ya yafe haƙƙinsa na buɗe kwalbar B, ya je da wakili masanin wannan fanni, ya kuma nemi cikakken kundin aikin ɗakin gwajin da hotunan farantin na asali.

Babban raunin hidimar dai lokaci ne. EPO na barin jiki cikin 'yan kwanaki, ƙananan allurai ma ba sa kai haka, amma jajayen ƙwayoyin da ya sa aka ƙera suna rayuwa kusan kwana 120. Wanda ya yi maguɗinsa a sansanin horo makonni kafin gasa zai zo ranar tsere da jini cike, fitsarinsa kuma fes. Gwajin ranar gasa, wanda shi masu shirya gasa suka fi so saboda ana ganinsa, ihu ne bayan hari. Rita Jeptoo a 2014 da Jemima Sumgong, zakarar gudun yada ƙanin wani ta Olamfik na Rio, a 2017, duk a gwajin ba-zata aka kama su a Kenya, ba a bakin layin ƙarshe ba. Dalilin ke nan da ya sa manyan 'yan wasa ke rubuta inda suke a manhajar ADAMS ta WADA, su ware awa guda kullum tsakanin ƙarfe 5 na asuba da 11 na dare, kuma kuskure uku cikin wata 12 laifi ne mai zaman kansa. Ga mai tsara gwaji, ƙwanƙwasa ƙofa da sassafe a lokacin horo mai nauyi ya fi gwaji goma a filin wasa, ga shi fitsarin farko na safe ya fi kauri.

Najeriya ta ɗanɗana matsalar lokaci ta fuska biyu a 2021. 'Yan guje-guje da tsalle-tsalle 10 aka hana shiga gasar Tokyo, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu gwajin ba-zata uku da doka ta wajabta cikin wata 10 kafin gasar ba, kowanne da tazarar aƙalla mako uku. A gefe guda, an samu EPO a samfurin Blessing Okagbare da aka ɗauka a Najeriya ranar 20 ga Yuni, amma maganar ba ta fito ba sai bayan an riga an cire ta daga zagayen kusa da na ƙarshe na mita 100 saboda wani samfurin daban mai ɗauke da sinadarin girma. Hukuncinta ya kai shekara 11. Ƙa'ida ta ba ɗakin gwaji kwana 20 daga ranar da samfur ya isa hannunsa, kuma neman ra'ayi na biyu yana iya ƙara jinkiri. Duk wanda ke son sakamako kafin a tashi zuwa gasa, ya ƙirga kwanakin nan da na jirgi, ko ya biya kuɗin gaggawa.

Ƙarin jini kuwa, a nan fitsari ya kusa zama ɗan kallo. Idan jinin wani aka ƙara, tun 2004 akwai gwajin da ke gano jinsi biyu na jajayen ƙwayoyi a jiki ɗaya, shi ya kama Tyler Hamilton a 2004 da Alexander Vinokourov a 2007, amma gwajin jini ne. Idan mutum jininsa ya ɗiba ya ajiye a firiji ya mayar ana gobe tsere, babu baƙon abu a jikinsa da za a nuna. Ɗakin gwaji na Basalona ya kawo dabara mai kyau: ledar ajiye jini ana laushinta da sinadarin DEHP, yana tsiyaya cikin jinin, kuma bayan an mayar da jinin ɓurɓushinsa na tashi sosai a fitsari na kwana ɗaya ko biyu. Dabarar ta burge, amma ba ta zama hujjar hukunci ba, saboda DEHP yana cikin robobi da ledojin abinci da bututun asibiti, kuma akwai ledojin jini da ba a yi da shi ba. An yi ta maganarsa a shari'ar Alberto Contador ta Tour de France na 2010, amma kotun wasanni ta Lozan a 2012 a kan sinadarin clenbuterol ta dakatar da shi, ba ta kafa hukuncinta a kan ƙarin jini ba. Manyan badaƙalolin wannan fanni 'yan sanda ne suka tona su: ledojin jini kusan 200 a wurin likita Eufemiano Fuentes a Madrid a 2006, da samamen Seefeld a Ostiriya a Fabrairu 2019, inda aka tarar da ɗan tseren ƙanƙara da allura a hannu, aka bi sawu har Erfurt wurin likita Mark Schmidt, wanda kotu ta ɗaure shekara 4 da wata 10 a 2021. Da yawa daga cikin abokan cinikin likitocin nan sun sha ba da fitsari ana cewa lafiya lau.

Abin da ke toshe wannan ɓaraka shi ne fasfon jini, wanda hukumar tseren keke ta fara a 2008, WADA ta fitar da ƙa'idarsa a ƙarshen 2009. Ba ya neman magani, yana bin awon haemoglobin na mutum, wato sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin, da kason sababbin jajayen ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, wata bayan wata, yana kwatanta mutum da kansa. Wanda aka ɗebi jininsa, sababbin ƙwayoyi suna hauhawa. Wanda aka mayar wa jini, haemoglobin ya tashi, sababbin su faɗi. Shi ma yana da sharuɗɗansa: ba a ɗiba sai an yi awa 2 da gama horo, a zauna minti 10 ƙafa a ƙasa, jinin ya isa ɗakin gwaji da sanyinsa cikin 'yan kwanaki, dalilin da ya sa amincewa da wani ɗakin gwaji a Nairobi don wannan aiki a 2018 ya sauƙaƙa wa gabashin Afirka. Amfaninsa ga gwajin fitsari kai tsaye ne: idan fasfo ya nuna motsi, sai a umarci a nemi EPO a fitsarin da aka ɗauka tare da jinin, ko a koma gidan mutumin cikin kwana biyu. Hukumar da ta sayi gwajin EPO ba fasfo tana harbi ne a duhu.

Akwai wurin da fitsari ya fi jini, kuma ya kamata a faɗa. Magungunan da ke yaudarar ƙoda ta ƙara fitar da nata EPO, irin su roxadustat, ƙananan sinadarai ne da injin auna nauyin ƙwayoyi ke gani sarai, babu karatun layuka babu gardamar dishi-dishi. Shi aka samu a fitsarin Simona Halep a gasar tanis ta US Open ta 2022. Ba a yi jayayya kan cewa yana nan ba, an yi ta ne kan yadda ya shiga jikinta, kuma a watan Maris 2024 kotun Lozan ta rage dakatarwar daga shekara 4 zuwa wata 9 bisa gamsuwa cewa gurɓataccen ƙarin abinci ne.

Sashe na ƙarshe na hidimar, wanda masu saye suka fi mantawa, shi ne ajiya. Doka ta ba da damar a daskarar da samfur har shekara 10 a sake bincikarsa idan kimiyya ta ci gaba. Fitsarin Tour de France na 1999 da aka narkar a Châtenay-Malabry shekaru bayan gasar ya nuna EPO a samfura shida da jaridar L'Équipe ta danganta da Lance Armstrong a 2005, kodayake ba a iya hukunta shi da su ba tunda kwalaben B kaɗai suka rage kuma aikin na nazari ne. Yanzu an tanadi hanyar raba kwalba ɗaya gida biyu a gaban shaida don a kauce wa wannan. Rashid Ramzi na Bahrain ya rasa zinarensa na mita 1500 na Beijing 2008 ne bayan an sake gwada ajiyayyen samfurinsa an samu CERA, zinaren ya koma hannun Asbel Kiprop, wanda muka ambata a sama. Sai dai ajiyar ba ta zuwa da kanta. Samfurin da ya fito babu komai, ɗakin gwaji na da damar zubar da shi bayan wata 3 idan mai shi bai ce komai ba. Mai shirya gasa da ke ba da kyautar kuɗi mai tsoka ya rubuta a yarjejeniya tun farko cewa samfuran na ɗaya zuwa na uku, da na duk wanda lokacinsa ya yi tsallen da ba a saba gani ba, a mayar da su firizar dogon zango, ya kuma ware kuɗin ajiyar a kasafin shekarar.